Ɗinkin Hoto

A titin Bairut na sayo shi,
allo ɗan gwanjo, da tabon ƙusa a kusurwar hagu.
Tasi'u ya dafa ƙirji ya rantse:
"Sau ɗari da arba'in da huɗu yake ƙiftawa a daƙiƙa,
idonka ma sai ya nemi hutu."
Na rungumo shi a adaidaita sahu kamar ɗanyen ƙwai,
kowane rami da salatinsa, har Gyaɗi-Gyaɗi.

Dare ya yi, Linuks ta tashi, na kunna tseren mota.
Miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau.
Ina shan kwana
sai hoton ya yage gida biyu,
sama ta yi gaba, ƙasa na biye a makare,
kamar shaddar da tela ya fizga
almakashi bai gama magana ba.

Na kai ƙara teburin mai shayi.
Nafi'u ya ce, "Koma Ginom.
Ɗaki ne shararre, babu tarkace,
ba ya tambayarka, ba ka tambayarsa."
Hafizu ya dire kofi:
"Ɗakin asibiti ke nan! Taho Filasma,
Kurmi ce, kowane lungu da rumfa,
duk abin da ka nema akwai maɓallinsa,
in ka ɓata, kai ka so."
Wani mai gyaran rediyo, da ba a kasa da shi ba,
ya ce duk kwalliyar banza ce,
a ɗora siriri mara ado
ya bar wa wasa ƙarfin inji.
Shayina ya huce suna yi.

Sati uku ina ƙaura da buhu a ka.
Datar tsakar dare ta san sunana.
In kwana Ginom, in tashi Filasma,
na saki tsohon Eks na tare a Weland,
linzami ya yi yaji, da kyar na yi bikonsa.
Rubutu ya koma tururuwa,
na ƙara masa girma, ya yi dishi-dishi.
Rumasa'u ta leƙo da tsintsiya a hannu:
"Yaya, wai duk a kan motar da ba ta shan mai?"

Daren Laraba, can ƙasan wani shafi,
na ga ɗan akwati ba kowa a ciki.
Abin da yake nufi: allo ya daina gaggawa,
ya jira inji ya gama zane kafin ya nuna,
yadda mai kalangu ke kallon ƙafar mai rawa,
ta yi sauri ya yi, ta ja ya ja.
Na danna.
Na sha kwana.
Ko zare bai fita ba.

Daɗi ya ɗebe ni, na kunna zurfin launi,
wanda aka ce baƙinsa baƙi ne ƙirin,
haskensa kuwa sai ka kare ido.
Allon Tasi'u ya yi iya yinsa:
ja ya koma zoɓon da aka cika wa ruwa,
dare ya fito toka-toka.
Iya kuɗinka iya shagalinka.
Na mayar da shi yadda na same shi.

Ina gyara zama, Nefa ta ɗauke.
To, ga baƙin gaske nan kyauta,
daga ƙofarmu har Hotoro.
A cikinsa na zauna ina lissafi:
sati uku, ban kai ƙarshen tsere ko ɗaya ba.

A tsakar gida Sagir na kan tabarma
da wayar Umma mai fasasshen gilashi,
hoto na tsalle kamar kwaɗo,
yana ihu wai shi ya zo na ɗaya.

Gobe in an kawo wuta
tsere zan yi, ba taɓe-taɓe.
Sai dai Hafizu ya turo saƙo yanzu
wai an saki sabon Filasma.