Wayar Goggo Dudu

Gidado, ja kujera, rufe kwamfutar tukuna.
Kafin ka taɓa shafin kowa
ka ji kunyar da na kwasa a Tudun Hatsi.

Alhaji Jungudo mai wake ya ba ni kafin alƙalami,
na kwana bakwai a shagon nan na Jekadafari
ina yi wa shafinsa kwalliya:
hotuna goma sha biyu na korar juna,
buhuna na juyi, sunansa na walƙiya.
A kwamfutata, sai tubarkalla.

Ranar nuni bai ko duba ba,
yayarsa ya kira, Goggo Dudu mai littafin bashi,
da wata waya da fuskarta ta daddare
kamar fadama a tsakiyar bazara.
Ta latsa. Ɗan zobe ya hau juyawa.
Aka auna wa wani mutumin Dukku mudu shida,
aka ƙulle leda, aka ba shi canji, ya hau babur,
zoben nan bai gaji ba.
Ta ce, "Ɗan nan, wake za mu sayar
ko datata ka zo sha?"

Tun ranar ita ce sikelina.

Hoto kaya ne, Gidado, kuma sabis jaki ne ramamme.
Matse shi, rage masa nauyi,
wanda ke can ƙasan shafi
bar shi ya jira sai an gangaro gare shi.

Fara da ƙaramar waya, babban allo ya biyo baya.
Wanda ya iya shirya kaya a ɗaki ɗaya
ba ya ruɗewa ran da ya sami gida.

Toka-toka a kan fari gayu ne a inuwa.
Fita da shi rana tsaka, gaban tasha,
in ka kanne ido kafin ka karanta
koma ka ƙara wa rubutun duhu.

Maɓalli kuwa, auna shi da babban yatsan manomi,
ba da farcenka ba.
Kuma ya faɗi aikinsa da baki: Kira mu. Ga farashi.
Mai neman wake bai zo wasan ɓuya ba.

Kar ka tsare baƙo a zaure da tambayoyi tara.
Suna, lamba, buhu nawa. Ya isa.

Ga wadda ta fi ci mini rai:
na rubuta "Maraba da baƙi" a goshin shafi,
wayarta ba ta san lanƙwasar ba,
ta cinye harafin, ta ajiye akwati a gurbinsa.
Gwada ƙ, gwada ɗ, gwada ɓ,
salon rubutun da bai san ƙugiyarmu ba
sallame shi, ko da kyansa ya kai na zayyana.

Abin da ka kwafo a intanet, karanta shi layi-layi.
Kayan aro ba ya rufe katara,
ran da ya yage, kai za a kira da tsakar dare.
Bar wa kanka wasiƙa a gefen aiki,
don bayan wata shida kai ma baƙo ne a wurin.
Ajiye kwafi yau, wani a nan, wani a nesa.
Ba a fafe gora ranar tafiya,
kuma masu wuta ba sa sallama in za su ɗauke.

Na koma bayan sati da shafi tsirara:
hoto ɗaya, farashi, lambar waya.
Ta latsa, ya buɗe kafin ta gyara tabarau.
Ba ta yaba ba. Ta dai sa an auna mini mudu biyu,
har da gyara.

Wayar na saye ta a hannunta,
tana cikin aljihun teburin nan, ƙarƙashin rasidai.
Sa mata caji. In ta farfaɗo,
ɗauki aikinka na jiya ka fita rana.