Ɗigon Nobe

Da tano ɗaya na fara,
tanon gazuwal da ya gama yayinsa a tashar Kornaka.
Kwana tara ina dirje shi da toka da tsamiya
kafin warin mota ya yarda ya fita.
Tiyon jan ƙarfe kuwa, daga gawar wata babbar mota na zaro shi,
na naɗe shi sau bakwai a jikin turmi
har ya kwanta cikin randa kamar kububuwa.

Nobe na nan a dajinmu tun kaka da kakanni.
Ana jinka da shi, iska na wasa da shi,
ba wanda ya taɓa tambayarsa me ya ɓoye.
Ni na tambaye shi, da wuta.

Dami shida, ruwa bido huɗu,
kara da kashin shanu a ƙarƙashi,
daga hantsi har la'asar sakaliya.
Abin da ke taruwa a bakin tiyo
bai cika kofin shayi biyu ba:
mai ne, rawaya-rawaya, yana iyo bisa ruwa
kamar mai gudun a san danginsa.
Rijiyarmu gaba talatin ce.
Jakin Tankari, in ya hango ni da bido,
juya mini baya yake yi.

Sai magana ta zaga gari: Nomau na dafa giya.
Liman ya zo da kansa,
ya tsaya nesa da tano, ya miƙo bakin rawaninsa.
Na ɗiga masa ɗaya.
Ya shinshina, ya yi shiru, ya sake shinshinawa.
Ran Juma'a sahun gaba duk ƙamshin daji bayan ruwa.
Tsegumi ya mutu, masu karɓa bashi suka ƙaru.

Maradi da nisa take ga mai kwalba.
Amalanke, sannan mota, sannan addu'a a kowane rami.
A kwalaben allura da na roƙo a likita, na dafa, na shanya,
nake kai wa Hajiya Tsahara mai humra a Mokoyo.
Ta ce lita biyar take so duk wata.
Lita biyar! Na kwana ina lissafi da yatsun ƙafa.
Wani dillali ya raɗa mini: man gyaɗa ba ya magana.
Na ji shi. Sau ɗaya.
Hajiya ta shafa a bayan hannunta, ta ci gaba da hirarta,
can ta duba wurin yana ta maiƙo,
ta tura mini kwalaben da gefen mafici.
Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni.
Jika bakwai na mota, da kunya kyauta,
na dawo da kayana.

Shekara uku ke nan.
Yanzu tano biyu ne, da rumfa, da littafin bashi.
Da na ga fako na cin inda nobe yake,
na daina sayen wanda aka tuge da saiwa,
sai wanda lauje ya yanka, ya bar masa gobe.
Na ware kadada guda a gonar gero na dasa ciyawa.
Yayana Korau ya dafa kai:
mutane na noma su kashe haki, kai kana renonsa?
Bana matarsa ce ta fi kowa kawo dami.

Hancina ya fara tsufa, na Hurera ya fi shi.
Daga bakin danga za ta ce, Baba, janye wuta, zai ƙone.
Sai in janye.
Lita biyar har yau ba mu kai ba, uku da rabi muke,
Hajiya na karɓa, tana mita.

Da dare, in gari ya yi tsit,
nakan zauna kusa da randa ina saurare.
Ɗis.
Sai a jima.
Ɗis.