Ba Waya

Shekara talatin ina gyaran rediyo a kasuwar Tawa,
na san halin waya:
ta tsinke, ta yi tsatsa, ɓera ya ci rabinta.
Da likita Tanimune ya ce wannan ba ta da waya
sai na yi dariya, na ce madalla,
an raba ni da tsohuwar abokiyar gaba.

Ya aza samfurinta a tafin hannuna.
Ƙwallon dabino ya fi ta cika ido.
"Ta cinya za ta shiga," in ji shi, "ta bi jijiya
har ɗakin zuciyar Tsahara, ta kafa farce ta zauna."
Ya karanto abubuwan da ka iya faruwa,
ina saurare kamar sanarwar rasuwa daga wani gari.
Na dangwala.

Da hantsi aka shiga da ita.
Azahar ta wuce ni a kan benci.
Wata nas ta fito a guje, takalminta ɗaya ya zame,
ba ta waiwaye shi ba.
Takalmin nan na zuba wa ido har la'asar.

Ashe bangon zuciya bai kai kaurin da nake zato ba.
An huda shi. Jini ya taru a jakar da ke lulluɓe da ita,
ya matse ta kamar ɗan tsako a hannun yaro.
Suka soka allura ƙarƙashin ƙirji, suka zuƙe.
Leda biyu aka ƙara mata:
ɗaya tawa, ɗaya ta wani ɗan kabu-kabu
da na manta in tambayi sunansa.

Kwana tara a Yamai.
Cinyarta ta yi baƙi kamar gindin tukunya,
ta koma shuɗiya, ta koma ruwan ƙasa.
Na sayar da mitar awon wuta don kuɗin komawa.

Yanzu in dare ya raba nakan kara kunne a ƙirjinta
yadda nake laluben tasha mai nisa.
Sittin. Sittin. Ba ƙari, ba ragi.
Duk abin da ya taɓa mutuwa a hannuna
na kwance bayansa na duba.
Wannan ba shi da baya.

Cikin barci take cewa,
"Hashimu, ɗaga kanka,
kana da nauyi."