Wayar da Ta Sha Logon

Teburina yana bakin hanyar Ngeli,
ƙarƙashin laima mai ƙafa ɗaya, a Kusuri,
inda waya kan ruɗe da sassafe
ta kama layin Cadi, ta yi maka barka da zuwa,
kai kuwa ko takalmi ba ka sa ba.

Jarina hantsaki ne, da dalma, da gilashin ƙara gani,
tsohon burushin haƙori, kwalbar sifirit,
da akwati cike da wayoyin mutanen
da suka ce gobe za su dawo
tun shekarar da ruwa ya ci unguwa.

Ran Talata Kaltume mai bandar kifi ta zo,
ƙanshin hayaƙi ya riga ta sallama.
Ta kwance bakin zane, ƙulli cikin ƙulli,
sai ga 'yar waya mai madannai,
lamba biyar ta shafe don shan yatsa,
an ɗaure bayanta da robar kuɗi.

Ta ce, "Ta Adum ce. Ta sha Logon."
Ban tambayi Adum ba. Wa bai ji ba?
Kwalekwale ya kife ran da kogi ya yi fushi,
sai bayan kwana biyu aka same shi wajen mahaɗar Shari,
wayar na cikin leda a aljihu.
Ledar ce ta ci amana.

Na ce, "Uwa, sabuwa jaka bakwai ce a tsallake,
ga tocila, ga rediyo, ga gidan sim biyu."
Ta dube ni kamar na taya mata kabari.
"Wa zan kira? Magana ya bari a ciki.
Bai iya alƙalami ba, baki yake ba ta ajiya."

Na buɗe. Batir ya kumbura kamar talibambam,
tsatsa ta yi kore, yashi ya tare a makunni.
Wannan ko bokan waya bai tashe ta.
Amma can a lungu, ƙarƙashin laka,
ga memori, bai kai farcen jariri ba.
Na wanke shi, na hura, na yi bisimilla,
na zura a tawa wayar.
Kunne ɗaya na ba ta, ɗaya na riƙe,
igiya ta haɗa mu kamar shanun huɗa.

Iska ce ta fara, sai filafili yana mari ruwa,
sai tari, sai murya:
"Barka mai gishiri yana bina dala ɗari uku.
Mai ƙanƙara, jaka ɗaya da rabi.
Alifa, na ari ƙugiya goma, ban mayar ba.
Wanda nake bi kuwa, ɗan Zenaba, a bar shi, maraya ne."
Ruwa ya sake magana.
Mun ɗauka ya ƙare.
"Kaltume, turmin atamfa, tun ƙaramar Salla.
Kada ta ji na manta."

Ba ta yi kuka ba. Yatsu ta shiga lanƙwasawa,
gishiri, ƙanƙara, ƙugiya,
ta ce in maimaita, in rubuta mata a bayan kwalin caja.
Da na zo kan atamfa ta dafe takardar:
"Wannan na yafe. Kada ka sa."

Nawa ne aikin? Na ce ta bar shi.
Ta ajiye mini tarwaɗa biyu, baƙaƙe, masu ɗumi,
ta ƙulle memorin inda wayar take dā,
ta nufi rumfar mai gishiri.

Gangar jikin tana nan cikin akwatina.
Wani yaro ya zo neman madannai jiya,
na ce babu.