Giram Uku

Barmani ta kwance bakin zanenta
a kan tabarmata, bayan kasuwar Marwa:
ɗan kunne ɗaya da ya rasa ɗan'uwansa,
warwaron da ya tsage,
sarƙa mai giɓi,
da wani zobe lotsattse
kamar jaki ya taka shi.

Na aza a sikeli. Arba'in da ɗaya.
Ta ce in sake. Arba'in da ɗaya.

Sali, ja zugazugin a hankali,
gawayin ƙirya ba ya son a yi masa tsawa.

Kasko ya yi ja, na barbaɗa kanwa.
Sarƙa ce ta fara durƙusawa,
warwaro ya bi ta ba gardama.
Zoben ne ya ƙi.
Da na juya shi da awartaki
sai ga ɗigo uku a cikin cikinsa.
Haka babana ke sa hannu,
shi da ko alif bai iya ja ba.
Damina goma sha tara ke nan
da muka kai shi gindin dutse.

Ban ce uffan ba.
Wuta ba ta zaman makoki.
Ɗigon suka lumshe ɗaya bayan ɗaya,
azurfa ta taru ta zama ƙwayar ido
tana jujjuyawa, tana dubana.

Man gyaɗa a mazubi.
Zubi numfashi guda ne;
in hannu ya yi waswasi
sandar za ta fito da rami a ciki.
Na tuntsurar. Na tsoma a ruwan tsamiya,
ta yi cuu, ta yi shiru,
ta fito tsawon yatsa, fara sol,
kamar ɗan kifin da ake kawowa daga Maga.

Talatin da takwas.

"Ina ukun?"
Na karkato mata gindin kasko:
dalmar tsohon liƙi, dauɗar wuya,
sabulun shekaru, gumin wadda ta rigaye ki.
Ta ce, "Duk maƙeri haka yake faɗa."
Gaskiya ne. Shi ma haka yake faɗa.

Munduwa take so, ta jikarta a Kuseri,
kafin Laraba.

Da ta tafi, Sali ya share toka ya tara a kwalla,
don tokar nan ma wanke ta muke yi.
Ya tambaye ni me nake nema a tsohon akwati.
Tsinken ƙarfen nan, na ce,
mai ɗan lanƙwasa a baki.