Shafi Tara

A El Alto sanyi na ratsa ɓargo,
Nicasia ta ajiye ƙoshiya, ta ɗauki biro.
Takardar neman tallafi, shafi tara,
tana tambaya: "Mutum nawa za su amfana?"

Ta ɗaga kai ta dubi bargon da ke kan masaƙa.
Jan zaren na ƙanenta ne, Severino,
da aka ɗauke cikin dare
ko takalmi ba a bari ya sa ba.
Baƙin na gwauruwar da aka ƙwace wa gona,
shuɗin kuma rafin da masu haƙar ma'adinai suka ɓata.

Wa ya taɓa ƙirga idon da ya tsaya a kasuwa,
ya karanta zare, ya tafi gida da magana?

Jikarta ta ce, "Kaka, sa ɗari biyar,
masu kuɗi lamba suke ji."
Ta rubuta arba'in da ɗaya:
arba'in, masaƙan ran Laraba,
ɗayan, wanda har yau ba a nuna kabarinsa ba.

Kuɗin sun zo bayan damina, rabin abin da ta nema.
Ta biya haya, ta sayo ulu,
jan ya fi yawa.