Lissafi a Garejin Arzika

Buhu huɗu na albasa na sayar ran kasuwar Aliero,
na ƙirga kuɗin sau biyu, ba su ƙaru ba.
Na lallaɓo tsohuwa zuwa Jega,
tana tari, ina ba ta haƙuri.

Shekararta goma sha tara a hannuna,
ban san nawa ta yi a hannun wani ba.
Ita ta kai Tumba asibiti daren haihuwar fari,
ita ta ɗauko gawar Baffa daga Birnin Kebbi
ba ta mutu a hanya ba ko sau ɗaya.

Arzika ya ɗaga bonet, bai ce uffan ba.
Ya dafa sukuddireba a jikin injin,
ya kara kunne a ƙotarta, ya lumshe ido.
Can ya goge hannu da tsumman da ya fi hannun baƙi:
"Malam, wagga mota lafiya gare ta,
sai dai lafiyar tsoho."

A bayan kwalin filogi ya yi min rubutu.
Ringi sun cinye, shi ne hayaƙin.
Gaskit na zufar baƙin mai.
Kulochi ya fara santsi in an hau tudu.
Fanfon ruwa na kukan da kunnena bai ji ba.
Sai bel ɗin taimin, a ƙasa can,
wanda ban taɓa gani da idona ba.
Ya haɗa jimla, na duba aljihu.
Albasata ba ta kai rabi ba.

Na ce a yi min ringi.
Hayaƙin nan ya ishe ni kunya,
'yan acaɓa na toshe hanci a bayana,
ran ɗaurin auren ɗan Labbo
nesa na ajiye ta, na ƙarasa da ƙafa.

Arzika ya yi dariya da haƙoran goro:
"Hayaƙi mutunci yake ci, ba ya cin mota.
Mai in ya ɗiga, ka ƙara.
Amma wanga bel ba ya tari, ba ya sallama.
Ran da ya tsinke, har bawul zai tafi da su."
Ya nuna min da haɓa wata Golf a gindin bedi,
kaji na ƙwai a kujerar direba.

Na zauna kan tsohuwar taya, na yi shiru.
Baffa ma bai taɓa cewa wash ba.
Yayansa mai nishin ƙafa kullum
ga shi nan har yau yana cin tuwo.
Na tuna takardar awon jini
da malamar asibiti ta ba ni tun kafin azumi,
tana nan a ninke cikin akwatin gaban mota,
tare da lasin da ya ƙare.

Na ce a sa bel.
Ya ce tun da an buɗe wurin, a haɗa da fanfo,
kuɗin hannu ɗaya ne, kar a yi aiki biyu.
Na ce sabo ko Beljiyam?
Ya ce bel sabo, fanfon ka bar min zaɓi.
Muka ja, muka ja, ya rage dubu uku.
Kulochi ya jira kakar shinkafa,
ringi kuwa sai abin da Allah ya yi.

Da la'asar ya miƙo min tsohon bel ɗin.
Na lanƙwasa shi a rana:
duk tsaga, kamar diddigen manomi,
haƙori biyu saura ƙiris.
Na jefa shi but, zai yi ɗaurin akuya.

Na kama hanyar gida da canjin shan fetur.
Hayaƙin na nan, shuɗi, yana bin mu.
Wani yaro a kan babur ya wuce yana fifita fuska,
na ɗaga masa hannu.
Takardar na ciro na sa a aljihun gaba,
asibitin Aliero na buɗewa ƙarfe takwas.